Lacca: Motar Haibirid da ke Daɗewa a Ajiye, Wane Batir ne ke Fara Mutuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masu motar haibirid, wato mai haɗa fetur da lantarki, sukan tambaye ni: idan mota ta yi makonni ba a taɓa ta ba, babban batirin nan mai tsada ba zai lalace ba? To, tsoron naku yana can, ɓarnar tana nan. Wanda ya fi ba mutane kunya shi ne ƙaramin.

Batir biyu ne a motar. Babban shi ke tura ta. A Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a Japan a 1997, na ƙirar 2004 zuwa 2009 ya ɗan haura bolt 200. Ƙaramin kuwa bolt 12 ne, irin na kowace mota. Aikinsa ya tashi kwamfutar mota, ita kuma ta jona babban. In ƙaramin ya kwanta, ko babban na cike fal, ka danna maɓalli ka ji shiru.

Me ke shanye shi alhali mota na kashe? Na'urar da ke jiran makullin rimot ba ta barci, ƙararrawar ɓarayi ba ta barci. Wani ma ya ƙara kyamara a gilashin gaba, tana ta zuƙa dare da rana. Cikakken ƙaramin batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mitar awon wuta. In ya daɗe ƙasa da 12.4, wani farin gishiri yakan fara daskarewa a farantan dalmar da ke ciki, ƙarfin da ya tafi kuma ba duka yake dawowa ba.

Yanzu ku ba ni hankalinku nan. Prius da ire-irenta ba su da altaneta, wato na'urar da ke caja batir a motar fetur in inji na aiki. Babban batir ne ke ɗura wa ƙaramin caji, kuma ba ya yi sai fitilar READY ta kama a gaban direba. Mutum ya shiga, ya danna maɓalli bai taka burki ba, rediyo na tashi, yana murna wai ya ɗumama mota. Malam, tatsar batirin kake yi! Taka burki, danna, ka ga READY, giya tana P. Kada ka sa ta a N, domin a N babban batir ba ya karɓar caji. A 2020, lokacin kullen korona, reshen Toyota na Birtaniya ya shawarci mutane su bar mota a haka minti 60, sau ɗaya a mako. Inji zai riƙa tashi yana mutuwa da kansa, ba matsala ba ce. Amma don Allah ba a rufaffen gareji ba. Hayaƙin nan yana da guba marar wari, yana kisa. Mai soket kusa, cajar ƙaramin batir mai yanke wuta da kanta ta raba shi da wannan wahala.

Babban batir ya fi haƙuri, don in an kashe mota a yanke yake da komai. Duk da haka yana tsiyaya a hankali, zafi kuma na ƙara masa sauri, saboda haka a nema mata inuwa. Littafin Prius ya ce a tuƙa ta aƙalla minti 30 ko kilomita 16 duk bayan 'yan watanni; ni dai ba na son a wuce wata guda. In ya ƙare ƙaf, inji ba zai tashi ba, domin babu sitata, babban batirin ne mai juya injin. Sai an kai ta inda ke da cajar musamman.

Na ga hannu a baya. Eh, ramin iskar da ke gefen kujerar baya? Ta nan fankar batir ke shaƙar iska, kada a toshe shi da jaka ko bargo, a riƙa share ƙurarsa. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa, masu ɗauke da wutar babban batir, ko kana ji da kanka a gyaran mota, bar wa wanda aka horar a kansu.