Amsoshin Tambayoyinku: Wane Jirgin Katako Ya Fi Ƙarko?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako a kan jirgin ruwa suke.

Ta farko daga wani masunci ce a Yauri. Yana cewa: "Tsakanin kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya da wanda aka haɗa da falankai, wanne ya fi daɗewa?"

To Malam, in an dace da itace, na sassaƙa ya fi, domin ba shi da mahaɗi ko ɗaya da ruwa zai bi. Kwale-kwalen nan da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 na maɗaci ne, ya kai kimanin shekara 8,000, ko da yake binnewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta adana shi haka. Maɗaci da kawo suna jure ruwa da gara. Rimi kuwa daɗin sassaƙa gare shi, ga rashin nauyi, amma saurin ruɓewa yake yi. Kowane itace aka samu, sai masassaƙi ya fere farin naman da ke bin ɓawo, don shi ke fara ruɓewa, ya kuma bar ƙasan jirgin ya fi gefe kauri. Ciwon jirgin sassaƙa shi ne tsagewa ta goshi da ta baya, saboda nan ne itace ke saurin bushewa. Kada a janye shi kan yashi a bar wa rana da iskar hunturu. Ko ya zauna a ruwa, ko ya samu inuwa.

Sai dai manyan itatuwa sun yi wuya, shi ya sa na falanki ya yawaita, kuma ya fi ɗaukar kaya. Ƙarkonsa yana ga ƙusa da mahaɗi. Baƙar ƙusa tana tsatsa, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi, ramin ya buɗe, falanki ya fara motsi. A nemi ƙusar da aka shafe da zinki, a fara huda katakon kafin a buga don kada ya tsage, sannan a lanƙwashe bakinta ta ciki. Ɗanyen falanki kuma asara ce: yana bushewa zai tsuke, mahaɗi ya buɗe. A jera shi a inuwa na watanni, da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. A cusa auduga a mahaɗi a bi da kwalta, kuma tazarar haƙarƙarin jirgin kada ta wuce rabin mita. Wannan muna jaddada shi ga masu bin tafkin Kainji, domin tun da aka kammala madatsar a 1968 akwai kututtura a ƙarƙashin ruwa, kuma jirgin da ƙusoshinsa suka ci tsatsa ba ya jure karo da su. Rayuka ne a ciki.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Argungu. Ya ga ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya, kayak, a intanet, yana tambayar wace hanyar ƙira ce ta fi ƙarko.

Ɗan'uwa, hanya biyu aka fi bi. A ta farko ana yanka filawud, wato katakon da aka manna falle-falle, mai kaurin milimita 4, a ɗinke guntayen da wayar jan ƙarfe, a cike mahaɗi da gam ɗin efoksi (gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa iri biyu kafin ya daskare) da aka kwaɓa da garin katako, in ya daskare a zare wayar. A ta biyu ana jera siraran katako masu kaurin milimita 6 a kan wani firam mai siffar jirgin, ana manna su ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu ana lulluɓe su da ƙyallen fayiba, wato na zaren gilashi, da efoksi, kuma wannan fatar ita ke riƙe da ran jirgin. Muddin ba ta huje ba, da wuya a ce wani ya fi wani. In ta huje, na filawud ya fi shan wahala, don ruwa na bin gefen yanka ya raba shi falle-falle. A yanayinmu mun fi ba da shawarar na filawud saboda sauƙin gyara, amma da sharaɗin a samu wanda aka yi don ruwa. Ka yanki guntu ka tafasa shi awa guda; in ya rabu, na kujera ne, ba na jirgi ba.

Rana tana cinye efoksi, saboda haka sai an bi shi da fenti, fari ya fi. A zafin Maris da Afrilu kuma efoksi yana iya daskarewa tun yana cikin kwano, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, daidai awon da aka rubuta a jikin gwangwani. Shafin efoksi na farko a yi shi da yamma, lokacin da katako ke hucewa. In aka shafa da hantsi katakon yana ɗaukar zafi, iskar cikinsa za ta fito ta bar ƙananan ƙofofi a jikin gam ɗin, kuma ta nan ruwa zai shiga.