Lacca: Haɗarin da ke kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Maganarmu ta yau a kan masu wasan zamiya a dusar ƙanƙara ce, waɗanda ke barin filayen da aka gyara su kutsa cikin tsaunuka irin su Alps, inda ba mai share musu hanya. Abin da ya fi kashe su shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara.

Ku riƙe wannan da kyau: hawa-hawa dusar take kwanciya. Daren da sama ta yi garau, sanyi ya tsananta, sai raɓa ta daskare a kanta ta zama 'yan ƙwayoyi marasa riƙo. Bayan kwanaki sabuwa ta sauko, iska ta kwashe ta, ta danƙare ta a gefen tsaunin da ke da kariya. To, an ɗora katako a kan gero ke nan. Mutum ɗaya ya taka, sai ya ji "wuf" ƙarƙashin ƙafarsa, tsaga ta ruga gabansa, gangaren ya taho gaba ɗaya. A yawancin haɗurra, wanda aka binne ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar.

Shi ya sa ƙwararru ke haƙa rami, su yanki ginshiƙin dusa, su ɗora shebur a kai suna bugu: goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, suna lura da inda zai tsage. Yana da amfani, amma labarin wurin da aka haƙa kaɗai yake bayarwa.

A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari mai mataki 5, kuma SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke garin Davos a Suwizalan, tana fitar da sanarwar matakin haɗari ta ƙasar kullum a lokacin hunturu. Abin da ke ci mini rai shi ne, kusan rabin mace-macen can a mataki na 3 suke faruwa. A na 4 da na 5 kowa yana shakka. A na 3 kuwa rana ta fito, tsauni ya yi fes, sai zuciya ta ce ai ba komai. Werner Munter, jagoran hawan tsauni ɗan Suwizalan, ya koyar da cewa idan mataki ya hau, a rage tsinin gangaren da za a bi, domin daga digiri 30 zuwa 45 ne ake yawan samun zaftarewa. Ni a wurina, auna gangare ya fi dogaro da ƙwarewa. A Tunnel Creek ta jihar Washington a Amurka, a Fabrairun 2012, ayari ne na gwanaye, amma uku suka rasa rayukansu.

Idan abin ya auku fa? Wanda aka tono cikin minti 15, galibi yana rayuwa. An wuce rabin awa, yawanci numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa a kan lokaci ba, abokan tafiya ne za su yi tonon. Don haka kowa ya rataya na'urar gano wanda aka binne, ya ɗauki sandar soka dusar don laluben wanda aka binne, da shebur, kuma a ƙetare gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, saura na tsaye a wuri amintacce suna kallo.