Dogon Hutu a Ɗakin Gwaji: Lacca kan Ɗalibai da Binciken Ciwon Suga

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

A watan Mayu na 1921, a Jami'ar Toronto da ke Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting ya samu aron ɗakin gwaji daga Farfesa John Macleod. Aka haɗa shi da karnukan gwaji da ɗalibi guda, Charles Best, ɗan shekara 22, wanda bai daɗe da gama jarrabawar digirin farko ba. Banting ke yin tiyata, yana cire wa kare fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, don karen ya kamu da ciwon suga. Shi kuwa Best aikinsa ɗiban jini da auna suga, ya rubuta, ya sake aunawa. A ƙarshen Yuli suka yi wa wani kare allurar ruwan da suka tace daga fankiriyas, sugansa ya sauka. Zuwa Janairun 1922 an yi wa Leonard Thompson, yaro mai ciwon suga, allurar insulin, wato sinadarin fankiriyas mai saukar da suga, ya rayu. Da aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya raba kuɗinsa biyu da ɗalibin nan.

To, wannan al'ada tana nan. A Amurka, cibiyar NIDDK mai binciken ciwon suga da cututtukan ƙoda da na narkar da abinci tana ɗaukar nauyin ɗalibai lokacin hutun bazara, kamar mako takwas zuwa goma. Kowa da malamin da zai riƙe shi, kowa da 'yar tambayarsa guda, a ƙarshe ya tsaya gaban manya ya bayyana abin da ya gano.

Me ake koya? Hannu, ƙannena. Yadda za ka riƙe bututun ɗiban ruwa kada iska ta shiga. Yadda za ka manna lamba a jikin kwalba tun kafin ka zuba jini, don jinin da ya rasa lamba ya tashi a banza, kuma mai shi da azumi ya kwana ya zo. Wallahi wannan kaɗai ya isa a girmama aikin.

Mu ma muna da tambayoyinmu. Ƙididdigar 2021 ta IDF, ƙungiyar ciwon suga ta duniya, ta ce manya miliyan 24 ke da ciwon suga a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma sani ba. Ga gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku: ya dogara ne da jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa a jikin mai sikila ba sa daɗewa, sai sakamako ya ruɗi likita. Ga azumin Ramadan, da yadda mai allurar insulin zai tsara sahur da buɗa-baki. Wa zai zauna ya auna mana waɗannan in ba ku ba?

Don haka kafin a tashi hutu, ka ƙwanƙwasa ƙofar malami a sashen kimiyyar sinadaran jiki ko asibitin koyarwa. Ka je da tambaya ɗaya a rubuce, ka ce ko wankin kwalabe ne za ka fara da shi. Masu shirin SIWES na koyon aiki kuma, ku nemi a tura ku inda ake auna jini da gaske.

Yanzu sai tambayoyi. Bismillah, 'yar'uwa ta can baya.