Dole ne jarumin fim ya shiga rai?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallon finafinai tun shekarar 2009, lokacin da aka fara haska fim ɗin 500 Days of Summer a bikin Sundance na ƙasar Amurka, bikin da ya yi suna wajen fito da finafinai masu zaman kansu. Fim ne na soyayya da barkwanci wanda Marc Webb ya ba da umarni. An kashe masa kimanin dala miliyan 7 da rabi, ya kuma tara kusan miliyan 60.

Labarin gajere ne. Tom, matashi mai rubuta katunan gaisuwa a birnin Los Anjelus, ya kamu da son abokiyar aikinsa Summer. Tun tashin farko ta faɗa masa ƙarara cewa ba ta neman alaƙa mai ɗorewa. Ya ce ya yarda. Suka yi tarayya, ta rabu da shi, daga baya ta auri wani.

A nan kan 'yan kallo ya rabu. Wasu suka ce Summer maciya amana ce, marar tausayi, ta ja yaron mutane har ya zurma sannan ta watsar da shi. Wasu kuma suka ce ai Tom ne abin haushi, don bai taɓa sauraron yarinyar ba. Shi kansa Joseph Gordon-Levitt, wanda ya fito a matsayin Tom, ya sha cewa yawancin laifin na Tom ne, har ya nemi masu zagin Summer su koma su sake kallon fim ɗin.

Ni ina tare da ɓangare na biyu, kuma hujjata tana cikin fim ɗin. Akwai wurin da Summer ta zauna tana ba Tom labarin wani mafarki da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana cikin magana sai muryarta ta dusashe, muryar mai ba da labari ta rufe ta, muka koma jin abin da ke yawo a kan Tom. Ita tana buɗe masa cikinta, shi kuwa murna yake yi an ɗauke shi da daraja. Abin da ta faɗa bai shiga kunnensa ba, mu ma an hana mu ji. Wannan ba kuskuren masu tace hoto ba ne, da gangan aka yi don mu ga irin son da Tom yake yi: siffar da ya ƙera a ransa yake so, ba mutuniyar da ke gabansa ba.

Duk da haka, masu jin haushin Summer ba su rasa abin faɗa ba. Fim ɗin ya tsare mu a idon Tom daga farko har ƙarshe, bai ba ta fili ta bayyana kanta ba, kuma wanda ba ka san dalilinsa ba yana da sauƙin tsana. Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yafe wa namiji son kansa a ce soyayya ce ta yi masa yawa, amma mace ta faɗi gaskiyarta tun farko a kira ta muguwa.

Manyan kamfanoni kan gwada fim a gaban 'yan kallo kafin su sake shi, idan jarumi ya ba mutane haushi sai a sassauta halinsa ko a sauya ƙarshen labarin. Fim mai ƙaramin jari ba ya ɗauke da wannan nauyi sosai, shi ya sa yake iya barin jaruminsa da aibinsa. Don haka idan mai kallo ya ce min ba ya son Tom, ko ba ya son Summer, ba na ɗaukar hakan a matsayin gazawar fim ɗin. Abin da nake tambaya shi ne ko masu fim ɗin sun san aibin jaruminsu, ko kuwa yaba masa suke yi ba su sani ba. A kan Tom sun sani sarai. A kan Summer kuwa, da sun bar mu mun ji mafarkin nan ko da na minti ɗaya ne, da masu zaginta sun ragu.