Fodkas: Mutum biyu a kwale-kwale, ɗaya gwani ɗaya sabon shiga

Isuhu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Maradi muke gaishe ku. Ni ne Isuhu, ga Balki a gefena, ga kuma Baba Labo, gwanin tuƙin kwale-kwale, ya samu isowa duk da zafin ranar nan. Baba sannu da hanya.

Baba Labo: Yauwa ɗana, sannunku dai, ina gajiya?

Balki: Ba gajiya Baba. Toh yau zancen ruwa za mu yi, don tafkin Madarumfa ya cika, kuma kun san yadda samari da 'yan mata ke ɗunguma can ran Lahadi tunda kilomita 20 da ɗoriya ne kawai daga nan. Sai ka ga mutum biyu sun shiga kwale-kwale, ɗaya ya iya ɗaya bai taɓa riƙe filafili, wato abin tuƙi, ba, kafin a yi nisa an fara ɗaga ma juna murya jirgi na ta zagaye wuri guda. Shi ne muka ce bari mu zauna a kai, in kai ne ka iya, yaya za ka yi magana da wanda ka ɗauko?

Isuhu: Baba mu fara da wurin zama, wa ke gaba wa ke baya?

Baba Labo: Wanda ya iya shi ke baya, don daga baya ake juya jirgi. Na gaba aikinshi biyu ne, ya ba da ƙarfi kuma ya zama ido. Amma ku lura da abu guda da mutane ba su kawowa a rai. Na baya shina ganin ƙeyar na gaba, shina ganin kafaɗarshi, duk motsin da ya yi a idonshi ne. Na gaba kuwa ba ya ganin kowa sai ruwa. Yaron da bai taɓa shiga jirgi ba ka zaunar da shi a goshi, wurin da ya fi siriri ya fi rawa, ruwa dama ruwa hagu, kai kuma kana bayanshi ka yi tsit, to duk girgizar da jirgi ya yi shi a ranshi kifewa za a yi. Shi ya sa nike ce ma yarana kafin ka yi komi ka faɗa. Zan gyara zama. Zan juya mu dama. Zan kwarfe ruwa. Kalma biyu uku ce amma ita ke kwantar mishi da hankali.

Balki: Wallahi wannan gaskiya ne Baba, ni da na taɓa zama gaba abin da ya fi tada min hankali ba zurfin ruwan ba ne, jirgin ne ya karkata ban san dalili ba, ashe na baya ne ya miƙa hannu zai ɗauko gorar ruwa.

Isuhu: Kuma akwai maganar sauti. Muryar na baya gaba take tahiya, tana faɗa ma na gaba a kunne, amma in na gaba ya yi magana bakinshi na kallon ruwa, iska ta kwashe rabi. Irin kwale-kwalen mutum biyu da ake yawo da shi a Kanada da Amurka tsawonshi wajen mita 5 ne, namu na katako wasu sun fi haka, ku tuna ma jirgin Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi a jihar Yobe a 1987 shina haƙa rijiya, wanda aka ce ya kai shekara 8000, tsawonshi ya haura mita 8, kenan tun zamanin kakannin kakanni tazarar nan tsakanin na gaba da na baya tana nan. Don haka a gaya ma sabon shiga, in za ka yi magana juyo da kai kaɗan gefe, kai kawai, kar ka juyo da jiki duka don nan ne jirgi ke karkata.

Baba Labo: Madalla. Kuma duk wanga bayani a kan tudu ake gama shi. Wanda ƙafarshi ke ƙasa shina jin magana, wanda ke tsakiyar ruwa zuciyarshi na bugawa ko karatu ka yi mishi ba ya shiga. Ni in zan ɗauki baƙo sai mun tsaya bakin gaɓa na ba shi filafili a hannu, hannu guda a can saman kai, guda a ƙasa kusa da faɗin, ya yi tuƙin a iska ina kallo. Sannan mu yi alkawari a kan kalmomi, ba su da yawa, tuƙa, tsaya, baya, canza, jawo. In na ce tsaya ka tsoma filafili a ruwa ka riƙe shi tsaye. In na ce jawo ka miƙa shi gefe ka jawo ruwan zuwa jikin jirgi, goshi zai bi wajen nan. Shi ke nan.

Balki: Baba ina dama da hagu? Ban ji ka sa su ba.

Baba Labo: Ɗiyata nan ne rigima take. In ka ce ma sabo hagu, me kake nufi, ya sa filafili a hagu ko jirgi ya nufi hagu? Don ba abu guda ba ne, in ka tuƙa a hagu jirgi dama shike nufa. Sai ka ga ka ce hagu, yaro ya zage shina tuƙi a hagu da dukan ƙarfinshi, jirgi na ta tahiya dama cikin ciyawa, kai kana ihu shi kuma shina ganin ai abin da ka ce ya yi. Laifin wa? Na mai magana ne. Ni nakan ce mishi juyi aikina ne, kai dai in ka ji na ce hagu ko dama to hannun da za ka sa filafili nike nufi, in kuma inda za mu nike so ka sani sai in kira abu, in ce ga giginyar can, can muka nufa.

Isuhu: Ni a nan ina da ja kaɗan Baba. In ka ce mishi juyi naka ne gaba ɗaya, yaushe zai koya? Ni ina ganin tun ranar farko a riƙa gyara mishi, riƙonka ba daidai ba, kana tsoma bakin filafili kawai kana fantsama ruwa, kana ja har bayan ƙugu, in ba a faɗa ba haka hannunshi zai saba.

Balki: A'a Yaya Isuhu, ni ban yarda ba. Mutum ya zo shan iska, tsoro bai gama sakinshi ba, kai kuma kana bayanshi kana lissafa mishi kurakurai ɗaya bayan ɗaya kuma ba ya ma ganin fuskarka ya san da fara'a kake faɗa ko da faɗa, muryar kawai yake ji a ƙeya. Wallahi da yawa daga nan suke cewa ba su ƙara shiga. Ni na ga wata yarinya an yi ta gyara mata har ta ɗora filafili a cinya ta kama bakin jirgi da hannu biyu, yatsunta sun ƙage, ta ƙi motsi har aka fito.

Baba Labo: Ku duka kuna da gaskiya amma ta Balki ta fi nauyi a ranar farko. Gyara guda ake ba mutum, ya riƙe shi, sai an yi nisa a ƙara wani. Kuma ka faɗi abin da za ya yi, kar ka faɗi abin da ya ɓata. Kar ka ce kana fantsama ruwa, ce mishi nitsar da faɗin duka kafin ka ja. In ya yi daidai ka ce yauwa, haka, ci gaba, don ba ya ganinka, in ba ka faɗa ba bai san ya yi daidai ba. Sannan Isuhu ka sani, yawancin karkacewar jirgi daga baya take. Bugun na baya ya fi juya jirgi, in bai iya murɗa filafili a ƙarshen bugu ya ɗan tura ruwa waje ba, jirgi zai yi ta kauce ma hannun da shike tuƙi, sai ya ɗora ma yaron gaba laifi alhali nashi ne.

Isuhu: Toh na karɓa. Maganar saurin tuƙi fa?

Baba Labo: Na gaba ke sa sauri, na baya ya bi, tunda kai kake ganinshi. Ko da sabo ne, kai za ka daidaita da shi, filafilinku su shiga ruwa tare su fito tare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar shanun huɗa, in guda ya riga guda kunya ta karkace. In kun taru hannu guda ku biyu kuna ja, jirgi zai kwanta wajen nan.

Isuhu: Masu tseren dogon zango a Amurka ma na baya ne ke kiran canjin hannu, sauti guda gajere yake yi su canza tare a bugu na gaba. Ga sabon shiga dai gara a ba shi lokaci, ka ce za mu canza, ɗaya, biyu, canza, kar ka jefa mishi kwatsam.

Balki: Ni akwai abin da ke damuna wanda ya shafe mu nan musamman, kunya. Mu fa ba a saba mutum ya ce ina jin tsoro ko na gaji ba, balle saurayi gaban abokai, ko mace gaban mijinta ko ƙanin miji. Sai ka tambaya ka iya ruwa, ya ce eh don kar a yi mishi dariya, alhali ko a gulbin nan namu da rani ya ƙafe bai taɓa wuce gwiwa ba.

Baba Labo: Shi ya sa ba a tambayar nan cikin taro. Ja shi gefe, ka ce ɗana gaya min tsakani da Allah, don in san yadda zan yi da kai. Kuma ko ya iya ko bai iya ba rigar ruwa mai hana nitsewa a jikinshi, a ɗaure, ba a shimfiɗe shina zaune a kai ba. Mata kuma a tattara hijabi da zane a ɗaure su da kyau, tufa mai yawa in ta jiƙe nauyi take kuma tana naɗe ƙafa. Gajiya kuwa ba sai ya faɗa ba, kana ganin kafaɗa ta sauka bugu ya gajarce, sai ka ce mu huta in sha ruwa, ka ɗauke mishi nauyin faɗa.

Isuhu: In kuma wanda ke gaban babba ne fa, kawunka ko surukinka? Yaya za ka ce ma suruki tsaya, baya, haka gatsau?

Baba Labo: Ka nemi izini tun a tudu. Ka ce Baba a gafarce ni, in mun shiga za ka ji ina jefo kalma guda guda ba don Allah ba ranka ya daɗe, ba raini ba ne, ruwa ne ba ya jira. Babu dattijon da za ya ƙi. Abin da ke ɓata rai shi ne ya ji ta bagatatan.

Balki: Toh shi na gaban me zai riƙa faɗa, tunda ka ce shi ne ido?

Baba Labo: Ya faɗi abin da ya gani da inda shike. Kututture a dama. Taru a gaba. Tafki cike yake da komar masunta da mamari, in ka bi ta kai ka yi ma wani ɓarna a abincinshi, kai ma filafili ya sarƙe. Kar ya ce kai kai kai kawai, wannan ba ta gaya min komi. In kuma da hannu za ya nuna, ya nuna inda za mu bi, kar ya nuna abin da muke gudu, don ni hannunshi zan bi.

Isuhu: Saura wadda ba a so a faɗa, kifewa. Wasu na ganin in ka ambata ma sabo tsorata shi za ka yi.

Baba Labo: A faɗa, a tudu, da murya kwance. In jirgi ya yi rawa kar ka miƙe, kar ka kama bakin jirgi, sauke jiki ƙasa, kanka ya tsaya tsakiyar jirgi, filafili a ruwa. In Allah ya kawo kifewa kar ka saki jirgin ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa, gaɓa ta fi yadda ido ke gani nisa, riƙe shi, ka kira sunana in amsa don in san kana sama. In akwai usur a wuya, busa uku neman agaji ne. Kuma magana guda da nike ba kowa iko da ita, babba ko yaro, gwani ko sabo, ita ce mu koma. In hadari ya haɗo daga gabas ko iska ta fara tada ruwa, ko kawai ranshi bai kwanta ba, duk wanda ya ce mu koma an juya, ba gardama ba tambayar dalili.

Balki: Toh jama'a lokaci ya ja, Baba mun gode ƙwarai Allah ya ƙara lafiya, a gaida mutanen gida.

Baba Labo: Amin ɗiyata, za su ji.

Isuhu: Mu ma a nan za mu tsaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.