Darasi: Injin bana yana fitar da layi-layi? Duba nan kafin ka sayi sabon hed

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau injin buga bana, wato ledar talla, za mu taɓa, irin manyan nan masu aiki da tawadar eko-solben, masu faɗin ƙafa shida da ƙafa goma, ko hed ɗin naka, wato kan da ke fesa tawada, XP600 ne, ko DX5, ko i3200, maganar duk kusan ɗaya ce. Kullum sai an turo min hoto, oga aiki yana fita da layi, hed ya mutu ko? To yawanci dai hed ɗin nan lafiyarsa ƙalau, abubuwan da ke kewaye da shi ne suka gaji.

Kafin ka kwance ko da kusa ɗaya, buga tes na nozul, wato ƙananan ƙofofin da tawada ke fita ta cikinsu a hed.  A tes ɗin za ka ga ƙananan layuka kamar matakala, kowace kala da nata. XP600 layi shida ne kowanne da ƙofa 180, DX5 kuma takwas ne, 1440 ke nan gaba ɗaya. Ka buga, ka yi kilinin sau ɗaya, wato ka sa inji ya wanke hed da kansa, ka sake bugawa a gefensa, sai ka kwatanta. In giɓin yana nan wuri ɗaya bai motsa ba, toshewa ce, tawada ta bushe a wurin. In kuma giɓin yawo yake, ɗazu yana sama yanzu ya dawo ƙasa, ko aiki ya fara da kyau bayan mita ɗaya jar kala ta ɗauke gaba ɗaya, wannan ba toshewa ba ce, tawada ce ba ta isowa ko iska ta shiga tiyon tawada. Hanyar gyaransu ba ɗaya ba ce, shi yasa nake cewa a karanta tes ɗin da kyau, kar a yi ta danna kilinin sau goma ana zubar da tawada a banza.

Mu fara da na iska. Buɗe murfin kareji, akwatin da ke ɗauke da hed yana kai da komowa, ka kalli damfa, waɗannan 'yan jakunkunan da ke zaune a kan hed. Ya kamata ka ga tawada a ciki wajen rabi ko fiye, in ka ga ɗaya ta kusa ƙafewa ko fatarta ta lotsa ciki ta manne, to ita ce. Bi tiyonta da ido har tanki, ko akwai kumfa, ko ya lanƙwashe a cikin sarƙar da yake bi ta ciki, ko ma tankin ne ya yi ƙasa yaron shago bai lura ba. Akwai wani ɗan zoben roba a bakin damfa, in ya saki shi ma yana shan iska. Damfa kayan canji ce, kuɗinta bai kai komai ba in ka haɗa da kuɗin hed, amma sai ka ga mutum ya shekara biyu da ita yana mamakin me yasa kala take yankewa.

Sai kyafin, inda hed yake komawa ya zauna. Nan ne fa akasarin matsala take, wallahi. Aikinsa ya rufe fuskar hed ruf kar iska ta shiga, sannan famfo ya ja. In robar bakinsa ta tsage ko busasshiyar tawada ta taru a kai, famfo zai yi ta kuka amma iska kawai yake zuƙa. Ga yadda za ka gwada, matsar da kareji gefe, ɗiga ruwan wanki a cikin kyafin har ya cika, ka sa famfo ya ja. In lafiya lau ne zai shanye nan take. In ruwan ya tsaya cak to famfo ne ko tiyon da ke zuwa jarkar datti ya toshe. In ya shanye amma da hed a kai ba ya jan tawada, to bakin ne bai kama ba, ko dai robar ko kuma zamansa ya karkace. Waifa ma, 'yar robar da ke goge fuskar hed, ka duba ta, in ta yi kaushi datti take shafa wa hed maimakon ta goge.

To in toshewa ce ta gaske fa? Haƙuri ake yi da ita. Cika kyafin da ruwan wanki, ka matse tiyon ƙasa kar ya zube, ka mayar da hed ya zauna a kai na wasu awanni, ko ya kwana. Ruwan wankin ya zama na irin tawadarka, na solben daban na sublimeshan daban. Don Allah kar a sa sirinji a tura ruwa ta saman hed da ƙarfi, bangon da ke raba kaloli a ciki siriri ne ƙwarai, yana fashewa za ka ga baƙi ya shiga cikin ruwan ɗorawa, kuma daga nan babu gyara. In jan za ka yi, ja ta tiyon ƙasan kyafin a hankali. Kuma duk abin da zai sa ka taɓa kebul ɗin hed, kashe inji, zare soket, ka ɗan jira. Ɗigo ɗaya a bakin kebul ko cirewa da wuta a jiki, sai hed da bod, allon lantarkin inji, su lalace tare.

Yanzu a ce tes ya fita cif amma har yanzu akwai layi a kwance. Wannan tafiyar bana ce. In fararen layuka ne tsakanin fas da fas, wato kowace wucewar hed a kan bana, inji yana jan bana fiye da kima, in layin duhu ne to jan bai kai ba yana hawa kan na baya. Ka shiga saitin sitef, na yawan jan bana, ka gyara kaɗan-kaɗan, kuma fleks da sitika kauri ba ɗaya ba, kowanne da saitinsa. Wani lokaci ma fas ne ya yi kaɗan, kana buga hoton fuskar ɗan takara da fas biyu don sauri, ka ɗaga zuwa huɗu ko shida ka ga bambanci.

In rubutu yana fita biyu-biyu kamar da inuwa, ko layi a tsaye, kalli inkoda, doguwar ledar nan mai haske a bayan kareji. Goge ta da tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da zare, kar ruwan solben ya taɓa ta don zai cinye zanen jikinta. In bai tafi ba sai ka daidaita bugun zuwa da dawowa a softwaya.

Ɗigon tawada a kan aiki kuwa, leƙa ƙarƙashin hed da tocila, sau da yawa gashi ne ko zare ya maƙale. Bana in ta kumbura tana gogar hed, rage hita, wajen 40 ya isa yawancin fleks.

Lokacin hunturu ku ƙara kula, ƙura ga bushewar iska, za ka ga feshi-feshi a gefen rubutu saboda bana ta ɗauki caji. A yi wa inji atin na gaske, ƙarfe a cikin ƙasa, a rufe ƙofa, a ajiye bokitin ruwa a ɗakin in babu na'urar danshi. Mai aiki da janareta ya sa sitabilaiza, in da hali da UPS, in kuma wuta ta ɗauke hed yana tsakiya ka tura shi da hannu ya koma kan kyafin, kar a bar shi a buɗe.

Kullum da safe tes, da yamma a goge waifa da bakin kyafin da gefen hed da sandar soso, ba auduga ba. Ranar da babu aiki ma a kunna a buga ɗan wani abu mai duk kalolin. Ƙarfen da kareji ke gudu a kai a ɗiga masa mai lokaci-lokaci. Wanda ya gwada duk wannan bai yi ba, ya ɗauko hoton tes guda biyu, na kafin kilinin da na bayansa, ya turo mu gani. Sai mun haɗu a darasi na gaba, za mu canza damfa tare.