Darasi: Lissafin shida a wasan lido

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga allon lido a gabana da 'ya'yan lido biyu, ɗaya ja, ɗaya fari. Da gangan na zaɓo su launi daban, yanzu za ku ga dalili.

Mu fara da abin da ke ɓata wa kowa rai. An yi zagaye uku, ƙwayoyinka huɗu na zaune a gida, shida ta ƙi fitowa, har ka fara zargin ƙanenka da wata dabara wajen kaɗa gwangwani. To, mu ƙirga.

Ɗan lido fuska shida gare shi. Idan ja ya ba da 1, fari zai iya ba da ko wace lamba daga 1 zuwa 6. Haka in ja ya ba da 2, har zuwa ƙarshe. Shida sau shida, hanyoyi 36 ke nan. Ku lura, ja 2 fari 5 daban yake da ja 5 fari 2. Amfanin launin ke nan.

Hanya nawa ce ke ɗauke da shida? Ja ya ba da shida, hanya 6. Fari ya ba da shida, hanya 6. Nan ne mutane ke saurin cewa 12. A'a, ku duba hannuna: shida da shida, mun ƙirga ta sau biyu. A cire ɗaya, saura 11. Wato 11 cikin 36, kusan kashi 31 cikin ɗari. Sauran 25 babu shida ko ɗaya. In ka jera zagaye uku, yiwuwar ka tashi hannu rabbana ta kai kusan kashi 33, sau ɗaya cikin uku ke nan. Don Allah a daina rigima da yara a kan wannan. Kuma ɗan lido ba ya tuna abin da ya bayar ɗazu: ko sau goma ka rasa, jifa na gaba 11 ne dai cikin 36.

Yanzu ga wurin da na fi so, don nan lissafin ke ceton ƙwaya. A ce abokin wasanka na bayanka, kuma yana da wata ƙwayar a waje, ta yadda zai iya raba lambobin ko ya haɗa su. In ka tsaya gida shida a gabansa, zai cinye ka da shida kai tsaye, hanya 11. Zai kuma iya haɗawa: 1 da 5, 5 da 1, 2 da 4, 4 da 2, 3 da 3, ƙarin hanya 5. Jimilla 16 cikin 36, saura kaɗan rabi!

Matsa gida ɗaya kawai, ka koma bakwai. Ɗan lido ɗaya ba ya kai bakwai, dole sai ya haɗa biyun, hanya 6 kacal. Daga 16 zuwa 6, da taku ɗaya. In takwas ne, hanya 5.

Abin mamaki, manne masa da tazarar gida ɗaya ma ya fi shida aminci, domin sai da 1 zai same ka, hanya 11, babu haɗi.

Ga aikin gida. Ka tsaya gida huɗu a gabansa, hanya nawa zai cinye ka? A ɗauko takarda a zana layi shida tsaye, shida kwance, a ƙirga gidan da ke da 4, sannan a ƙara waɗanda jimillarsu ta ba da 4.